Hawan Hada

Ban gaya wa Tabawa kuɗin keken ba.
Na ce riyal ɗari huɗu.
Ta dubi tayar, siririya kamar tsinken tsire,
ta ce, "Allah ya sa alheri,"
irin wadda ake faɗa da gefen baki.

Shekara hamsin da uku gare ni,
ashirin da shida a kan keken ɗinki na ci su,
a wani lungu na Misfala,
ƙafa tana taka feda tun safe har isha'i,
ni kuwa ban je ko'ina ba.
Likita ya ce sukari ya yi gida a jinina.
Na ce to, keke ya zaunar da ni,
keke zai tashe ni.

Asabar, bayan asuba, a gindin dutse,
mu goma sha ɗaya.
Akwai mai gasa burodi ɗan Yaman,
akwai wani dogon Basudane mai sayar da magani,
akwai Hambali, ɗan ƙanwata,
wanda kekensa ya fi shagona tsada.
Ya ce, "Kawu, in ka gaji ka ɗaga hannu,
mota na biye."
Na gyara hular kwano, ban tanka ba.

Kwana ta farko suka bar ni.
Kwana ta huɗu na daina ganin bayansu.
Sai ni, sai kwalta, sai numfashina
yana fita kamar zugazugin maƙeri.
Hanyar nan ba ta san zumunci ba:
ka sha kwana, ka ce an gama,
ta miƙo maka ƙanwarta.
Giya ta ƙare, na nemi wata da yatsa, babu.
Gumi ya shiga ido, gwiwa ta fara kai ƙara.

Bikaye zaune a kan katangar gefe
kamar dattawa a ƙofar masallaci.
Wani tsoho a cikinsu ya dube ni,
ya dubi dabinon da ke leƙe a aljihuna.
Na ce, "Kai ma ka hau ka samu."

A kwanar da ban ƙirga ba
sai ga Hambali zaune a kan dutse,
keke kwance, taya ta yage a gefe
tsawon ɗan yatsa.
Faci ba ya kama irin wannan, in ji shi,
motar kuma ta wuce da Basudane.

Na cire hular kwano.
Allurata na nan a jikin ƙaramar hula,
inda take kwana tun kafin a haife shi.
Na ninke riyal ɗaya na shimfiɗa a ciki,
na bi bakin yagar da zaren kaba,
ɗinki takwas, na ƙulle da haƙori.
Ya buga famfo. Ta riƙe.

Ya ce, "Kawu, mu hau tare."
Mun hau tare har kwana biyu,
sannan ƙuruciya ta ci ƙarfinsa.
Ban ga laifinsa ba.

Ni na zo na ƙarshe.
Hazo ya sauko ya rufe Hada,
sanyi kamar ba ƙasar da na sani ba,
shayinsu har ya huce, aka ɗora mini sabo
da na'ana'a da ganyen wardi.
Can ƙasa, hanyar ta kwanta a jikin dutsen
kamar zaren da ya kuɓuce daga kwarkwaro.
Na daɗe ina kallo:
ashe duk wannan ni na ɗinke.

Da dare Tabawa na shafa mini man zafi a ƙwauri.
Na ce, "Keken nan fa, ba ɗari huɗu ba ne."
Ta ce, "Dubu biyu da ɗari uku.
Rasit ɗin na aljihun rigar da na wanke.
Miƙo ɗaya ƙafar."