Filin Jirgin Garwa, Ranar Laraba

Tun asuba nake kan bencin ƙarfe,
kilishin da zan kai wa Asabe Duwala
ya fara naso a kwali.

Wai matuƙa sun ajiye hula,
wata huɗu ba albashi.
Na miƙe zan yi faɗa, sai ga ɗayansu
a gindin darbejiya, riga ta sha guga,
yana roƙon shugaban makaranta a waya
kada a koro masa 'ya.

Sefa dubu tamanin na biya.
To wa ya ci?

Jirgin na can, hancinsa na kallon Binuwai.
Balbela ta sauka kan fiffikensa,
ta gaji, ta tashi abinta.

Na kwance kwalin,
na miƙa masa yanki guda.