Hannu Mai Laushi

Ƙarfe biyun dare a Wuse,
janareto na gurnani a bayan otal.
Ni ke raba kati, an hana ni magana.

Tanimu ɗan kwangila ya sami as da shida.
Sha bakwai, in ji shi,
ya kife tafi a kai kamar mai rufe tukunya.
Ni kuwa biyar ce gabana, a buɗe.

Da bakin nan nawa ne, da na ce:
as ɗinka ɗan sulhu ne,
sha ɗaya yake, amma in wuta ta taso
sai ya sunkuya ya koma ɗaya.
Kati guda ba ya ƙone ka.
Ninka kuɗinka tun ina ɗingishi.
Ko as da bakwai ne, in ka ga tara gabana,
ja, kada sha takwas ta ruɗe ka.
As da takwas, to, nan ka miƙe ƙafa.

Ya tsaya.
Na buɗe goma, na jawo uku.
Da yatsa biyu na kwashe.

Ya ce, ƙaddara.
Na ce, haka ne, ranka ya daɗe.

Da asuba a motar Nyanya
na sake karanta saƙon yayata Kande:
rumfar dankali a Farin Gada,
rabi nawa in na dawo Jos.
Wata huɗu ban amsa ba.

Kwandasta na neman canji.
Ni ma sha bakwai nake gadi,
tafina a kife.