Kwat ɗin Baba Armete

Ranar da ya fara zuwa shagona a titin Dilimi
ƙanƙara ba ta daɗe da gama dukan kwano ba.
Ya shigo rungume da baƙar kwat
kamar mai kai jinjiri asibiti,
bayanta a rabe biyu, jelar tsattsewa.

Ni tela ne, tufa nake karantawa.
Hammatar dama ta cinye, ta yi shara-shara,
ta hagu kuwa da sauran ƙarfinta.
Na ce, Baba, dambe kake yi?
Ya yi dariya har ta sarƙe shi,
ya zaro ɗan farin tsinke daga aljihun ciki.
Da wannan, in ji shi da Hausarsa ta 'yan kwangila,
shekara arba'in da ɗaya ina juya mutum tamanin,
masu goge manya da ƙanana, masu busa, mai tambari.
In ɗaga, su ja numfashi tare.
In sauke, gida ya cika.

Sauran labarin a guntu-guntu na same shi,
kamar ƙyallayen da ke zuba ƙarƙashin tebur.
Wani ƙauye kan tsauni a Italiya, mai sanyi irin na Jos.
Uba mai gyaran ogan ɗin coci, ɗa yana masa zuga
kamar yaron maƙeri.
Shekarun yaƙi, burodi da layi,
kiɗansa na fari a bayan takardar rabon abinci.
Sai Milano, sai manyan zaure masu hawa biyar,
sunansa a bango, Ermete Caldarola,
tafi kamar ruwan Agusta.

Sai kunnen hagu ya yi masa yaji, bai dawo ba.
Wani dare ya kira masu busa kafin lokacinsu,
da numfashi ɗaya tak.
Ba wanda ya tanka. Har furanni aka ba shi.
Ya ce furannin nan ne suka kore shi.
Ilde ta rasu da kaka,
ɗansu injiniyan kwalta ya kwaso shi zuwa Rayfield
da akwati biyu da kwat ɗin nan.

Na gama gyara, bai daina zuwa ba.
Yakan dafa teburin kekena da tafin hannu, ya lumshe ido,
wai ta nan yake ji yanzu.
Malam Tanimu, ƙafarka tana gaggawa a taku na uku.
Na ce, Baba, sallah saura kwana shida.
Ya ce, sallah ba ta hana taku zama daidai.

Takardun siminti da nake fitar da fasalin wuya
ya kwashe su, ya ja layi biyar-biyar,
ya zuba musu ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda.
Wai kiɗa ne: keken ɗinki uku, almakashi,
da muryar Ngo Kaneng mai tallan gwate.

An yi shi sau ɗaya, wata Asabar,
a zauren makaranta can Naraguta.
Yara goma sha tara, mu uku da kekunanmu.
Ana tsaka aka ɗauke wuta.
Bai tsaya ba.
Farin tsinken kaɗai muke hange yana sama yana ƙasa,
muka bi shi har gida.
Da ya ɗaga hannu na ƙarshe na ji ɗinkina ya ce ƙyat.

Da damina ya tafi.
Ɗansa ya kawo kwat ɗin, a gyara kafin jana'iza.
Na zura zare, na dubi hammatar nan,
na mayar masa yadda take.
Na ce, injiniya, wannan ba yagewa ba ce, aiki ne.

Yarana na shago suna mini dariya har gobe,
wai tsufa ya kama ƙafar maigida,
in ya zo taku na uku sai ya ɗan jira.