Tazarar Naɗi

Ƙarfe goma a Brno.
Taram ya wuce yana cizon haƙora a kwana.
Zdislava ce kaɗai a hawa na uku,
shayinta ya huce tun ɗazu.

Abu biyu ne a allonta:
ɗan alwatika, bai fi ƙwayar riɗi ba,
da siririn layi mai hawa
yana kewaya ginshiƙin da ido ba ya gani.
Ta ce wa alwatika, bi wannan.
Ya bi.
Duk inda ya ratsa sai ya bar jiki a baya,
dodon koɗi mai zubar da ƙarfe maimakon yauƙi.

Naɗin farko lafiya lau.
Na biyu ya zo ya ci kafaɗar na farko.
Manhaja ta yi jajir:
siffa ta shiga cikin kanta.
Daga nan ba ta ƙara ko uffan ba.

Ta ɗaure fuskar alwatika ga ginshiƙi
kada ya riƙa mirginawa a hanya kamar bugagge.
Ja.
Ta sauya mafari, ta rage tsawo.
Ja dai.

Sai Bořivoj ya faɗo mata a rai,
mai yatsu huɗu a hagu,
wanda ya koya mata yankan zaren noti
tun kafin a rufe masana'antar bakin kogi.
Ɓawon ƙarfe na zubo masa a murɗe, shuɗi don zafi,
yana share shi da gefen takalmi.
Har ya mutu bai riƙe linzamin kwamfuta ba.
Yakan ce, cikin ƙarar inji,
mai komawa inda ya baro,
ya koma sama da tsayin kansa,
in ba haka ba, kansa zai taka.

Ta duba lamba.
Faɗin alwatika milimita biyu,
tazarar naɗi ɗaya da rabi.
Ta ja tsaki, dariya ta biyo baya.
Biyu da kwata uku.

Sai ga kusa ta tashi a allo,
naɗi goma sha shida, kowanne ya bar wa ɗan'uwansa wurin numfashi.
Wata rana za ta kwana a ƙugun wani tsoho
da ya zame a kan ƙanƙara,
ba zai san sunan kowa a cikinsu ba.

Ta kashe fitila.
Matakalar ginin ma murɗaɗɗiya ce,
shekara shida tana binta ba ta lura ba.
Kowane zagaye, taga iri ɗaya,
fitilar titi ɗaya, dusar ƙanƙara na sauka,
sai dai kowane karo
titin ya ɗan ƙara matsowa.