Tirelar Soja a Suwame

Bayan shagon Mutawakilu na same ta,
koriya, ta koɗe, rabin lambar bariki ya goge.
Na biya. Ban faɗa wa kowa sidi nawa ba.

Da alli muka zana a ƙasa:
a ɗaga gatari taƙi guda,
a sauya zoben ƙugiya, ya ƙi bayan akori-kurata,
sai tayoyi masu haƙora saboda lakar Ejura.
Kwabena mai walda ya taka sifirin, ko motsi.
"Don harsashi aka yi shi, ba doya ba.
Zare falle biyu."

Na leƙa ciki.
Wani soja ya karce sunan Adiza da ƙusa.
Fenti zai bi ko'ina
ban da nan.