Lamba Goma Sha Bakwai

A Porto, hawa na huɗu na asibiti,
ruwan sama na ƙwanƙwasa taga tun asuba.
An buɗe kan Belmiro kamar murfin tukunya,
shi kuwa idonsa biyu, muna hira
ta ƙarƙashin koren mayafi.

Aikina ɗaya ne: in ɗaga hoto, ya faɗi suna.
Jirgin ruwa. Zakara. Cokali.
Can bayan mayafin, Dakta Leocádia
na taɓa ƙwaƙwalwarsa da tsinken lantarki,
tana dasa 'yan takardu masu lamba
kamar mai awon fili kafin a sa harsashi.

Lamba tara, sai harshe ya ƙage.
Ya kalli cokalin, ya san shi sarai,
amma sunan ya faɗa rijiya.
Ta ɗage tsinke, "cokali" ya dawo a guje.
Ta ce, "Kin gani, Ondina? Kalma ma nama ce,
har adireshi gare ta."
Ban musa ba. Gani ya kori ji.

Lamba goma sha bakwai.
Tsohon ya yi tsit, hancinsa ya motsa.
"Wa ke gasa kifi a nan?"
Babu mai gasa komai, ɗakin sai warin magani.
"Sadin ne a kan garwashi,
uwata na fifita wuta da guntun kwali,
ga tabon ƙuna a babban yatsanta.
Ina ɗan shekara shida, ba ni da takalmi,
kuma duwatsun titi da ɗumi."
Hawaye ya gangara, ya shige masa kunne,
don a kwance yake.

Na dubi allon na'ura.
Layuka na hawa suna sauka
kamar teku a bakin Matosinhos.
Na nemi kifin a ciki, ban samu ba.
Na nemi ɗumin dutse a tafin ƙafa.
An ce labarin zuciya a tambayi fuska;
na tambayi fuska, na tambayi abin da ke bayanta,
jajur, yana numfashi a fili,
duk suka ce min: ga ƙofar.
Ba wanda ya ce min shigo.

Da yamma muka haɗu wajen shan kofi.
Ta ce, "Da can ma an ɗauka zuciya gidan tunani ce,
sai ga shi famfo ce kawai.
Ki ba mu shekara hamsin, za mu gama taswirar."
Na ce taswira ba ta jin sanyin garin da ta zana.
Ta yi dariya: "Tukuna dai."
Wataƙila ita ce da gaskiya.
Hannunta ya ceci mutane fiye da shakkata.
Amma buta ɗaya aka zuba mana,
ta kurɓa, na kurɓa,
kuma ko za mu shekara muna kwatance
ba zan san ɗacin da ke bakinta ba.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
mu sai dai mu zagaya, mu ƙirga kwanon rufi.

Na manta ban faɗa ba:
kafin ta sa wuƙa ta cire ƙarin,
Belmiro ya kira ta, murya ƙasa-ƙasa,
"Likita, ki ɗebi abin da za ki ɗiba,
amma ki bar min sha bakwai."
Ta bar masa.

Da dare na zauna cike takardar aiki.
Akwai gurbin lamba, gurbin ƙarfin wuta, gurbin lokaci.
Na rubuta: ƙanshi, daƙiƙa huɗu.
Na juya takardar gaba da baya,
ban ga inda zan sa uwarsa ba.