Huhun Ƙarfe

Turbon a hannun 'yan gwangwan na tsince shi,
can bayan Tashar Dukku, ƙarƙashin tulin ƙarafa.
Katantanwar ƙarfe, tsatsa ta ci mata baki.
Na zura yatsa na taɓa farfela, ta juya,
sai na biya ban taya ba.

Motar Sitalet ce, ta girme ni da shekara shida.
In ta doshi hawan Tula sai ta kama tari
kamar tsohon da taba ta gama da ƙirjinsa.
Bappayo ya ce, "Sayar da ita ka huta."
Ban tanka ba. Na shiga ƙarƙashi na kwance salansa.

Ramuka huɗu ne a gefen inji,
kowanne da lokacin da yake huci.
Aikina in tara hucinsu a maƙogwaro ɗaya
ba tare da wani ya tare wa wani hanya ba.

Na ɗora tsohon gaskit kan farantin ƙarfe
mai kaurin ɗan yatsana,
na zagaye shi da alli.
Kwana biyu ina huda, bakin diril uku suka karye.
Gwiwoyin bututun kuwa
daga mataccen injin gurzar auduga suka fito,
waɗanda tururi ya gasa shekara da shekaru
bai ga bayansu ba.

Malam Gidado mai walda a Bolari
ba ya son gaggawa, ba ya son surutu.
Ya auna su da zaren buhu,
ya ce na uku ya ɗara 'yan'uwansa da gaɓa guda.
"Yanke."
Na yanke. Ya gajarce.
Ya dube ni ta saman tabarau, ya miƙo wani.

Ɗigo nan, ɗigo can, ya ɗan kama su,
mu kai kan mota mu gwada, mu dawo.
Sau bakwai.
Na biyu yana gogar lagireto,
na huɗu ya hana sifana kai wa noti.
Muna tsakiyar ɗinkin ƙarshe aka ɗauke wuta.
Muka zauna kan taya
muna jin ƙarfe yana ƙas, ƙas, yana hucewa.

Daren nan idona ya cika da yashin da babu shi,
ladan leƙen wutar walda ba gilashi.

Da safe faranti ya karkace.
Ba da yawa ba, reza ce kawai ke shigewa ƙarƙashi,
amma hayaƙi ɓarawo ne,
ƙofar da reza ta bi ta ishe shi.
Gidado ya ce, "Laifina ne.
Da mun ɗaure shi jikin tsohon inji kafin wuta."
Ban taɓa jin bakinsa ya furta haka ba.
Na shimfiɗa sanfefa kan gilashin taga
na yi ta gurza, azahar, la'asar,
har ƙarfen ya fara nuna min fuskata.

Muka toshe ramuka, muka hura iska, muka shafa ruwan sabulu.
Kumfa biyu suka tona asirin walda.
Aka rufe musu baki.

Laraba bayan isha'i muka hau titin Kumo.
Giya ta ɗaya, shiru.
Ta biyu, shiru.
A ta uku wani siririn fito ya taso daga gaban mota,
kujera ta tunkuɗo bayana,
Bappayo ya dafe hula yana salati.

Na tsaya a gefen hanya na ɗaga bonet:
bututu huɗu jawur cikin duhu
kamar garwashin mai tsire,
ɗinkin Gidado ko gezau.
Sai wani ƙauri dabam ya bugi hancina.
Kuloci ne.
Bai saba ɗaukar irin wannan kaya ba.

Kilomita biyu muka tura ta zuwa hasken wani gidan mai,
Bappayo yana haki, yana tambaya
nawa ake sayar da kuloci mai ƙarfi,
da ko Gidado zai buɗe shago da wuri gobe.